Sifirin Mai Jan Fenti

Shatu ta sauke buhun daga kanta, ta kama gindinsa ta zazzage. Ƙarfen ya faɗo kan daɓen garejin da ƙara, ya mirgina, ya tsaya daf da ƙafafun wani mutum da ke kwance a ƙarƙashin mota.

"Wane ne Muhammadu Lawal a nan?"

Mutumin ya jawo jikinsa waje yana goge hannu da tsumma. Ita ta zo ne da shirin yaro mai rawar kai, sai ga magidanci da furfura a gemu. Wannan ma ya ƙara ɓata mata rai.

"Ni ne, Iya. Sannu da zuwa. An tashi lafiya?"

"Da na tashi lafiya da ba ka gan ni ba. Ka san wannan?"

Bakaniken ya sunkuya ya ɗauka. Sifirin ne na bayan mota, irin nannaɗaɗɗen nan, kaurin ƙarfensa ya fi babban yatsa, ga ɗigon jan fenti a zobensa na biyu. Busasshen laka na manne a jikinsa.

"Na san irinsa."

"Ba irinsa na tambaye ka ba. Shi na tambaye ka. A gonar gero na tsinto shi da hannuna, taku talatin daga inda motar ɗana ta kife. Ni ce uwar Sama'ilu direba, na Tsamiyar Bintu, bayan Roni."

Lawal ya yi salati a hankali. Ya ajiye sifirin ɗin kamar mai ajiye ƙwai.

"Labari ya iso mu. Yaya jikin nasa?"

"Wane jiki? Daga ƙugu zuwa ƙasa ba nasa ba ne."

Ya jawo mata benci. Ta dubi bencin, ta dube shi, ta ci gaba da tsayuwa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da kifewar motar. Tsohuwar jif ce, da ita Sama'ilu ke kwaso buhunan gero da gyaɗa daga ƙauyukan Roni da Gwiwa zuwa Kazaure, wata ran har Babura. Hanyar ƙauyensu burji ce, kowace damina ruwa ya yanka ta, cikin motar ya riƙa gugar ƙasa. Shi ya sa bara ya kawo ta garejin nan aka ɗaga ta. Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa har wayewar gari. Da hantsi Ma'u matar Daudu, maƙwabciyarsu ta katanga ɗaya, ta shiga gona tsinko rama, maciji ya sare ta. Sama'ilu ya ɗauke ta da mijinta za su asibiti. A kwanar dutse, saura kaɗan su hau kwalta, motar ta yi tsalle ta wuntsila. Ma'u ta fita ta taga, ba ta sake numfashi ba. Daudu ya tsira da karaya a hannu. Sama'ilu na kwance a asibiti a nan Kazaure, sai an juya shi.

Tun ranar sadakar uku magana ɗaya ake yi a ƙauyen: gudu. Sama'ilu ya kashe Ma'u da gudu. Daudu, wanda Shatu ta goya a bayanta yana jariri, ya daina amsa sallamarta. Mata na ɗauke kai a bakin rijiya. Gobe Juma'a, in an sauko daga masallaci, za a zauna a zauren mai unguwa da shugaban direbobi, dangin Ma'u na cewa a miƙa maganar ga hukuma. Wai a kai mutumin da ko juyi ba ya iya yi gaban alƙali da sunan mai kisa. Kai ka ji.

Shi kuwa Sama'ilu ya ƙi buɗe baki. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ƙaddara ce, ya juya fuska bango. Shekaranjiya ne a tashar Roni wani direba ya ce a gabanta motar nan an ɗaga ta da yawa, kuma sifirin ɗinta ya cika tauri. Kalmar nan ta riƙe. Ba ta san sifirin ba, ta sa aka nuna mata a jikin wata mota, sannan ta tafi kwanar dutse ta shiga gonar mutane tana bin kunya-kunya har ta same shi.

"Ɗana ba ya gudu," ta ce. "Shekara goma sha tara yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Ran nan ma, mace na kwance dafi na hawa, sai da ya tsaya a bakin zaure yana jinkiri, ni na daka masa tsawa ya tafi. Mai gudu ke nan? Kai ka ɗaga masa mota sama kamar raƙumi, ka cusa masa wannan abin, ta watsar da mutane. Gobe za ka biyo ni, ka tsaya gaban mai unguwa, ka faɗa da bakinka."

Masu wucewa sun fara tsayawa. Wani mai mota da ke jiran a gama masa aiki ya ce, "Haba Iya, a yi haƙuri mana."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Naka ɗan na tafiya da ƙafafunsa, ko?"



Lawal bai ɗaga murya ba. Ya shiga wani ɗan ɗaki na kwano, ya fito rungume da sifirin biyu, ya jera su a ƙasa kusa da nata. Ɗaya da ɗigon fari, ɗaya da ɗigon rawaya.

"Iya, ni na ɗaga motar, ni na sa wannan. Ban musa ba. Amma ki ba ni kunne kaɗan, in kin ji sai ki yanke."

"Ina ji. Ba kurma ba ce ni."

"Ranar da ya zo, a nan ya tsaya inda kike. Na ɗaga masa ita tsawon tafin hannu, don kada cikinta ya riƙa dukan dutse. To mota in an ɗaga ta, sifirin ɗin da ta zo da shi ya yi mata gajarta, sai an canza. Na jera masa uku, kamar yadda na jera miki. Taka wannan."

Ta ɗora ƙafa kan mai farin fenti ta danna da fushi. Ya ɗan lotsa.

"Wannan mai laushi ne. Na masu hawa da iyali, kwalta zuwa kwalta. Ka ɗora masa buhu goma ya kwanta, bayan mota ya zauna a kan taya. Mai rawaya tsaka-tsaki. Shi na ce ya ɗauka. Ya ce mini, Malam Lawal, ni buhu goma sha huɗu nake ɗauka, ranar kasuwar Gwiwa har sha shida, mai rawaya wata uku zai yi ya sare. Kuma gaskiyarsa. Taka naki."

Ta taka. Kamar ta taka turmi.

"Wannan ba ya jin kaya. Ka loda masa duniya, mota na tsaye cak, tana tafiya lafiya lau. Aibinsa ɗaya. In babu kaya a baya, ba shi da abin da zai danne shi. Ya haɗu da rami ba ya lotsawa, sai ya harba bayan motar sama. Ga ta kuma an ɗaga ta, nauyinta ya koma sama. A kwana, in tayar baya ta bar ƙasa, shi ke nan."

"To ka ji da bakinka. Ka sani, ka sa masa."

"Na sani, shi ma ya sani. Duk direban da ke bin hanyar burji ya sani. Ba shi kaɗai na sa wa ba, motoci sun fi ashirin tsakanin nan da 'Yankwashi. Kuma maganin abin a hannunsu yake, kowa na yi. Mai jan fenti ba ya tafiya wayam. In ka sauke kaya, ka bar nauyi a baya. Shi ya sa za ki ga suna yawo da yashi."

"Da me?"

"Yashi, Iya. Buhu huɗu, rabi-rabi, a kan tayoyin baya. Ba a sauke su sai za a yi cikakken lodi. Da hannuna na cika masa nasa, daga tulin can, na ɗaure bakinsu da igiyar leda shuɗiya. Sama'ilu bai taɓa zuwa nan ban gan su a motar ba. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan tun da na ji labari. Na je na duba motar inda aka jawo ta a Roni. Na tambayi waɗanda suka fara isa wurin. Babu wanda ya ga yashi, ko a mota ko a hanya."



Igiyar leda shuɗiya. Shatu ta san ƙullin. Ta san yadda ya ci mata tafin hannu.

Wata nawa tana yi masa gori a kan buhunan nan. Mutum da hankalinsa yana yawo da ƙasa a mota, wai shi a dole mai dabara, ko a Gwiwa yashi ya ƙare ne? Yakan yi dariya ya ce, Inna, fasinjojina ne, ba sa rigima. Bai taɓa yi mata bayani ba, ita ma ba ta taɓa tsayawa ta ji ba. Asubar ranar da abin ya faru, da ruwa ya taso daga lungu ya fara kwararowa cikin zaure, yana neman ɗakin da take ajiye gero, Sama'ilu na masallaci ruwa ya tsare shi. Ta leƙa ta katanga ta kira Ma'u. Su biyu suka buɗe bayan motar, ita ta kama kunne ɗaya Ma'u ta kama ɗaya, suka jawo su ɗaya bayan ɗaya suka jera a bakin ƙofa. Ma'u na dariya, zaninta ya jiƙe sharkaf, tana cewa yau dai yashin Sama'ilu ya yi rana.

Da Daudu ya shigo da ihu kuwa, Sama'ilu ya fito da makulli a hannu, ya zo bakin zaure ya tsaya. Ba jinkiri yake yi ba. Ƙasa yake kallo. Har ya sunkuya, ya kai hannu kan ƙullin na farko.

Ita kuwa ta daka masa tsawa: Me kake kallo? Mace na mutuwa kana wasa da ƙasa? Wuce ka tafi.

Ya ɗago ya dube ta. Ya tsallake ya tafi.

"Iya?" in ji Lawal. "Ki zauna mana. Fuskarki ta canza."

Sai a lokacin ta zauna. Bencin na da ɗumi, rana ta gasa shi. Ta ga ƙafafunta, faso cike da jar ƙasar gonar da ta shiga.

"Da yashin na ciki," ta ce, muryarta ba irin ta ɗazu ba, "da ba ta kife ba?"

"Wannan sanin Allah ne."

"Ban tambaye ka wa'azi ba. Kai bakanike ne. Da ta kife ko da ba ta kife ba?"

Ya daɗe yana juya tsumman a hannu.

"Ya bi kwanar nan da yashi sau ɗari. Abin da na sani ke nan." Sannan ya ƙara, "In kina so gobe in zo, zan zo. Zan faɗi abin da na faɗa miki, ba ragi ba ƙari. Sai dai za su tambayi inda yashin ya tafi, ni kuma ban sani ba."

Ta miƙe, ta mayar da sifirin ɗin cikin buhu, ta ɗora a ka. Ba ta yi masa sallama ba. Har ta kai bakin titi ta ji yana cewa Allah ya ba shi lafiya, ba ta juyo ba.

Da ƙafa ta tafi asibitin, 'yan acaɓa na yi mata hon tana tafe a tsakiyar hanya. A ƙofar ɗakin maza wata ma'aikaciya ta ce lokacin ziyara bai yi ba. Shatu ta dube ta kawai. Matar ta matsa gefe.

Sama'ilu na kwance rigingine a gado na ƙarshe, kusa da taga. Ya rame, gemu ya fito masa barkatai. Mutumin da ke ɗaga buhun gyaɗa shi kaɗai ya jefa kan mota. Ya ga buhun a kanta, ya ga bakin ƙarfen da ya huda ya leƙo.

"Inna, ina kika je?"

"Wurin bakanikenka."

Ya lumshe ido.

Ta ajiye buhun a ƙarƙashin gado, ta zauna a bakin katifa. Ta ɗaga zanin da aka rufa masa ta dubi ƙafafun, ta matsa babban yatsan da ƙarfi, yadda take yi kullum in ta zo. Bai ko motsa ba. Ta mayar da zanin.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Faɗa miki me?"

"Kada ka mai da ni yarinya, Sama'ilu. Ni na haife ka. Wata nawa ina zagin yashin nan, ka kasa buɗe baki ka ce Inna ga amfaninsa?"

"Wa ke iya yi miki bayani, Inna?" Ya ɗan yi murmushi, murmushin bai je ko'ina ba. "Kafin in kai tsakiya kin gama yanke hukunci."

"Ranar fa? Ka gan su a ƙofa. Ka san abin da ke ciki. Don na yi tsawa sai ka tafi? Kai ba namiji ba ne? Ba sai ka ce mini tsohuwar banza, rufe baki, ka kwashi kayanka ba?"

"Ni in ce miki haka?"

"Da ka faɗa da Ma'u na raye."

Mutumin gado na kusa ya juya musu baya, ya ja bargo har ka.

Sama'ilu ya rage murya. "Inna, saurara. Ni ne direba. Ni na zaɓi mai jan fenti, Malam Lawal ya ce in ɗauki mai rawaya na ƙi. Ni na ga buhunan na tsallake. Minti biyar ne, da ni da Daudu mun mayar. Na ce a raina zan bi a hankali. Da na ji numfashinta ya fara sarƙewa a baya sai na taka. Na yi gudu, Inna. Ba ƙarya suke yi ba."

"Gudun da ka yi da yashi bai taɓa kayar da kai ba."

"Ba wanda ya san inda yashin ya tafi sai ni da ke."

"Da Ma'u."



"Ki bar shi a haka," ya ce daga baya. "Me za su yi mini? Su ɗaure ni? Ga ni a ɗaure. Ni ba zan sake zuwa bakin rijiya ba, ba zan sake zama a kasuwa ba. Ke ce za ki zauna da mutanen nan. In suka ji, wa zai ɗebo miki ruwa? Wa zai wanke ki ranar da kika mutu? Don Allah, Inna. Gobe ki zauna a ɗaki, ki bar su su faɗi abin da za su faɗa."

"Su kira ɗana mai kisa ina zaune."

"Suna ne. Na ɗauka."

Ta dube shi. Tun yana yaro haka yake, a fasa tulu ya ce shi ne, don kada a daki ƙannensa. Ita kuwa takan dake shi ɗin, tana sane. Ta so ta zage shi, ta nemi zagin a bakinta ta rasa. Ta gyara masa matashi, ta ba shi ruwa a kofi, ta goge abin da ya zubo masa a gemu da gefen mayafinta.

"Kin yi alkawari?" ya ce.

"Sha ruwanka."

Sifirin ɗin a nan ta bar shi, ƙarƙashin gado.

Motar Roni ba ta cika ba sai bayan azahar. Daga Roni ta hau acaɓa, suka bi ta kwanar dutse, ta ga inda geron mutane ya kwanta, har ya fara miƙewa. La'asar ta yi sanyi lokacin da ta sauka a ƙauye, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Daudu na zaune a ƙofar gidansa, hannu rataye a wuya da tsumma. Ta yi masa sallama. Ya dubi kajin da ke tsallake lungu.

Buhunan yashin suna nan a bakin zaurenta, su huɗu a jere, yadda aka ajiye su. Kwana goma sha ɗaya tana tsallake su safe da yamma, har da safiyar yau, da ƙarfen a kanta. Masu zuwa jaje na farko-farko ma su suka tsallake. Ciyawa ta fara tsirowa a gindin na ƙarshe. An yi ruwa sau uku tun ranar, ko ɗigo bai shiga zauren ba. Aikinsu suke yi tsakani da Allah.

Ta tsaya a kansu har yayyafi ya fara sauka. Tun daga Roni da safe take rantsuwa a cikin mota, kowa na ji, cewa wanda ya yi wannan aiki sai ya tsaya gaban mai unguwa ya faɗa da bakinsa, ko ɗan waye. Ta ce ko a ƙasa za ta jawo shi sai ya je.

Zauren mai unguwa na can bayan masallaci, gida tara tsakani. In ta bari sai gobe, ta san kanta, kuma ta san muryar Sama'ilu za ta kwana tana yi mata magiya a kunne.

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ta sunkuya ta kama kunnen buhu na farko, nan kusa da shuɗin ƙullin. Yashin ya sha ruwa, ya ninka nauyi. Ɗaya kunnen na can gefe a lanƙwashe, babu mai kamawa. Ta ja, bai motsa ba. Ta kafa dugadugai a laka ta sake ja, ya biyo ta taku ɗaya.

Ruwan ya kece. Ruwan lungu ya sami hanya ta ratar da buhun ya bari, ya fara malala cikin zaure, ya nufi ɗakin gero. Daudu ya miƙe zai shige gida, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tsohuwar da ke tafiya da baya-baya a cikin ruwa, tana jan buhun yashi.

"Iya Shatu," ya ce. Karo na farko ke nan tun ranar jana'iza. "Ina za ki da wannan?"

"Biyo ni ka ji," ta ce, ta sake ja.